Me ya haɗa bargo da dokar hana shigo da kaya?

“Assalamu alaikum, Malam. Ni sabuwar ma'aikaciya ce a sashen fassarar labarai na wani gidan rediyo. Kwanan baya aka ba ni labari mai ɗauke da ‘blanket ban’, na duba ƙamus na ga ‘blanket’ bargo ne, sai na rubuta ‘haramcin bargo’. Editanmu ya soke, ya rubuta ‘haramcin kuɗin goro’. Bayan kwana biyu na ci karo da ‘blanket amnesty’, na sa ‘afuwar kuɗin goro’, nan ma ya soke. Don Allah a warware mini: ma'ana nawa wannan kalma take da su, kuma shin mu ma muna amfani da bargo a adon magana kamar yadda Turawa suke yi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo wurin da masu fassara suke yawan tuntuɓe, tsofaffi da sababbi. Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin yadda aka yi sunan abin rufa ya koma kalmar doka da siyasa a Turanci, da dalilin da ya sa “kuɗin goro” ya zauna a wuri ɗaya ya ƙi zama a wani, da kuma ko Bahaushe yana ɗora wa bargonsa irin wannan kaya. Ƙamus bai yaudare ki ba. Ma'anar farko ya ba ki, kuma ita ce uwar sauran, sai dai wanda ya tsaya a kanta ba zai iya fassara labarin siyasa ba.

Kalmar ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, wajen shekara ta 1300, a zamanin da Faransanci yake harshen fada da na masu hali a Ingila, tun bayan da Normandawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Tushenta “blanc”, wato fari, kuma da farko tana nufin farin ƙyallen ulu wanda ba a rina ba, wanda ake ɗinka tufa da shi, ake kuma shimfiɗa shi a gado. Da tafiya ta yi tafiya sai launin ya fita daga ma'anar, aikin ya rage, har ya zama ko ja ne ko baƙi sunansa ke nan. Za ki iya jin wasu suna cewa sunan wani masaƙi ne na birnin Bristol, Thomas Blanket, wanda ya yi zamani da Sarki Edward na Uku. Mutumin ya rayu, ya kuma yi sana'ar ulu, amma kalmar ta riga shi shiga rubutu, saboda haka kada ki ɗauki wannan labari a matsayin asalinta.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, a ƙasar da sanyi yake cin rabin shekara, bargo abokin zama ne na kullum, kuma abin da mutum yake taɓawa kullum shi yake ɗauko misali daga jikinsa. Bature ya dubi bargonsa ya ga yana aiki fiye da ɗaya: yana rufe gado baki ɗaya, yana riƙe ɗumi, yana danne wuta, yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Daga kowane aiki ya ciro magana. Duk sanda kika haɗu da kalmar, tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: wane aikin bargo ake nufi a nan?

Bargon da ba ya barin kowa a waje

Wannan ita ce ma'anar da za ki fi gamuwa da ita a ɗakin labarai, kuma ita ce ta ba ki wahala. Idan aka shimfiɗa bargo, ba ya zaɓen abin da zai rufe. Matashi da zanen gado da duk abin da aka manta a kai, ƙarƙashinsa za su shiga. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu rubuta yarjejeniyar kasuwanci suke amfani da kalmar don sharaɗin da ya game kowane hali, daga nan ta bazu zuwa doka da inshora da siyasa. “Blanket ban” hani ne da ya hau kan kowa da komai, ba a ware ko ɗaya ba.

Muna da misali a gida. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sannan a watan Oktoban shekarar hukumar kwastan ta bayyana cewa babu kayan da za su shiga ko su fita ta iyakokin, ko wane iri ne, kuma haka aka zauna har zuwa Disambar 2020 lokacin da aka fara buɗe wasu, ciki har da ta Illela da ta Maigatari. A wannan tsakani, mai fasa-ƙwaurin shinkafa da ɗan kasuwar da takardunsa suke cikakku doka ɗaya ta hau kansu. Da kin tsaya a Jibiya ko a Ƙonni kin tambayi direban da motarsa ta kwana a layi, abin da zai ce miki shi ne, “An yi mana kuɗin goro.” Gaskiyarsa, kuma babu Hausar da ta fi wannan dacewa a bakinsa. Amma ki lura da abin da ke cikin maganar: ƙorafi ne. Bahaushe ba ya cewa an yi kuɗin goro sai yana ganin an haɗa mai laifi da marar laifi, an ƙi tsayawa a tantance. Maganar tana ɗauke da hukuncinta a cikinta.

A nan ne nake ganin editanku ya yi daidai ta fuskar ma'ana, amma ya bar wani abu ta fuskar aikin jarida. Idan mai karanta labarai ya ce “gwamnati ta kafa haramcin kuɗin goro”, mai sauraro zai ji kamar gidan rediyon ne da kansa yake cewa dokar ba ta yi adalci ba. A tsagwaron labari ni na fi son a ce “gwamnati ta hana shigo da kowane irin kaya ta iyakokin ƙasa, ba tare da togiya ba”, ko a taƙaice “haramci na bai-ɗaya”. A ajiye “kuɗin goro” sai an zo kawo maganar wanda dokar ta shafa, ko a sharhi inda aka san ra'ayin mai magana ne. Inda Turancin kansa yake ɗauke da zargi kuwa, kamar “blanket statement” ko “blanket condemnation”, wato a yanke wa al'umma guda hukunci saboda aikin wasu 'yan ƙalilan, to nan “kuɗin goro” ya zauna daram, haka ma “ya yi jam'u”. Wanda ya ce duk 'yan wata ƙabila ɓarayi ne, kuɗin goro ya yi musu, kuma daidai ne a faɗa haka.

Dalilin soke miki na biyu yana nan kusa. Kuɗin goro ya fi tafiya da abin da ba a so: tara, zargi, duka, kora daga aiki. Afuwa kuwa alheri ce, kuma kunnen Bahaushe ba ya saurin haɗa su. Abin da ake nufi da “blanket amnesty” shi ne a yafe wa duk waɗanda suka shiga wani rikici a lokaci guda, ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya an ji abin da kowa ya aikata ba. Za ki fi gane nauyin kalmar idan kika duba inda aka ƙi yin hakan. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, an kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu da dokar 1995, ƙarƙashin jagorancin Desmond Tutu, kuma ba ta yi afuwa ta game-gari ba. Kowa sai ya nema da sunansa, ya bayyana abin da ya yi filla-filla, ya kuma nuna cewa laifin yana da nasaba da siyasa. Mutum sama da 7,000 suka nema, 849 aka yi wa. Saboda haka kalmar tana rarrabe hanyoyi biyu na yafiya masu nisa da juna, kuma fassarar da ta ɓatar da wannan bambanci ta ɓatar da labarin. Ki ce “afuwa ga kowa da kowa ba tare da an ware wani ba”, ko “afuwa ta bai-ɗaya”. Sai dai idan mai maganar yana sukar afuwar ne, yana ganin an haɗa masu manyan laifuka da ƙanana an wanke su tare, a nan kina iya cewa ya yi tir da yi musu kuɗin goro wajen afuwa, domin ƙorafin ya dawo cikin maganar.

Sauran ayyukan bargo

Akwai inda kalmar take siffanta abin da ya sauka ya rufe wuri, kamar dusar ƙanƙara a kan gari ko hayaƙi a kan birni. Wannan ba shi da wuya, domin mu da muka san hunturu mun san yadda hazo yake lulluɓe gari har jirgi ya kasa sauka a Kano. Ki bar sunan, ki ɗauki aikatau: dusar ƙanƙara ta rufe gari, hayaƙi ya turnuƙe birni, shiru ya mamaye wurin.

“Wet blanket” ya fito ne daga kashe gobara, domin jiƙaƙƙen bargo yana hana wuta samun iska sai ta mutu. Turawa suka mayar da shi sunan mutumin da ake cikin murna ko ana ɗokin wani shiri sai ya zo da fuska a murtuke da maganar da za ta sanyaya jikin kowa. Idan kika ce wa Bahaushe wane jiƙaƙƙen bargo ne, tunaninsa zai tafi ga ɗakin da ke yoyo ko yaron da ya yi fitsarin kwance, ba zai je ga wuta ba. Namu shi ne mai kashe wa mutane gwiwa, ko wanda ya rage wa taro armashi. Na sha ganin ana fassara shi da “mai ƙafar ungulu”, kuma ban yarda da wannan ba, saboda ƙafar ungulu ɓata abu ne da gangan, ta bayan fage, alhali wannan mutum sau da yawa ba shi da mugun nufi, halinsa ne kawai ba ya karɓar nishaɗi.

“Security blanket” kuma daga renon yara ya zo. A inda ake kwantar da jariri shi kaɗai a gadonsa tun yana ƙarami, yaro yakan shaƙu da wani ɗan bargo ko ƙyalle, ba ya barci sai da shi, kuma likitan yara na Ingila Donald Winnicott ya yi rubutu a kan irin wannan shaƙuwa a 1953. Daga baya aka faɗaɗa maganar ga duk abin da babba yake jingina da shi don hankalinsa ya kwanta, ko da ba shi da wani amfani na zahiri. Ɗanmu a bayan uwarsa yake samun wannan natsuwa, cikin zanen goyo da majanyi, shi ya sa misalin bai tsiro a wurinmu ba. “Abin da ke kwantar masa da hankali” ko “madogararsa” sun wadatar. Haka nan akwai tsohuwar magana tun ƙarni na 18 da ke cewa an haifi mutum a ɓangaren bargo da bai dace ba, wato ba ta hanyar aure ba. Sakayawa ce, kuma Hausa tana da tata sakayawar, “ɗan gaba da Fatiha”, wadda ta fito daga yadda muke ɗaura aure.

Wuri ɗaya da nake barin bargo ya tsaya a adon magana shi ne bayanin ɗumamar yanayi. Masana sukan ce iskar kabon da 'yan'uwanta sun kewaye duniya kamar bargo, kuma misalin yana da ƙarfi, domin bargo ba ya haifar da zafi, wanda jiki ya fitar yake tarewa. Ba don wannan rufi ba, da matsakaicin zafin doron ƙasa ya sauka zuwa wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyas, maimakon wajen digiri 15 da muke da shi. Matsalar yau ita ce rufin yana ƙara kauri. Manomin da ya taɓa rufa da bargo biyu a daren da ɗaya ya isa zai gane wannan nan take. Sharaɗin kawai shi ne ki sa “kamar” ko “tamkar”, domin a Hausa kamance ne sabo, bai riga ya zama sunan abin ba.

Ki kuma yi hattara da kuskuren da ke ɗaya gefen, wato ki saba da adon magana har ki cire bargo inda bargon gaske ake nufi. A 1976 gwamnatin Birtaniya ta janye matsayi na musamman da take bai wa fursunonin rikicin Ailan ta Arewa, wanda ya ba su damar sa tufafinsu na gida, sai wani fursuna mai suna Kieran Nugent ya ƙi sa kayan fursuna a gidan yarin Maze, ya lulluɓa da bargon ɗakinsa, ɗaruruwa suka bi sahunsa, aka yi ta yi har zuwa yajin cin abinci na 1981 wanda mutum 10 suka mutu a cikinsa. Wannan shi ne “blanket protest”, kuma wanda ya fassara shi da “zanga-zangar gama-gari” ya yi kuskure babba. Boren bargo ne, da bargo aka yi shi. Haka ma bargon kashe wuta da ake ratayewa a ɗakin girki, da bargunan da ake rabawa cikin kayan agaji.

Bargon Bahaushe

Amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce, muna da adon magana mai yawa a kan rufi, amma ba a kan bargo muka gina shi ba. Masu binciken asalin kalmomi suna danganta “bargo” da kalmar Buzanci “abrogh”, mayafin ulu, abin da ya yi daidai da hanyar fatauci ta Sahara. Namu na gida su ne gwado da luru, saƙar hannu ta auduga wadda ake haɗa ƙyallaye masu tsawo a ɗinke. Ina tuna gwadon kakata, mai nauyi, wanda ba ya fitowa daga adaka sai iskar hunturu ta fara kaɗawa, yana ƙanshin hayaƙi da turaren wuta, mu uku muke shiga ciki, kuma da zarar bazara ta kawo kai sai a wanke shi a ninke a mayar. Abin da wata uku kawai yake yi a jikinka cikin shekara ba zai cika maka baki kamar rigar da kake sawa kullum ba, ko inuwar da kake nema da rana tsaka.

Shi ya sa inda Bature ya ɗauki bargo, mu riga da inuwa muka ɗauka, sai kuma aikatau biyu, rufe da lulluɓe. Muna cewa dare rigar mugu. Muna kiran kariyar da sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu “rigar kariya”, kuma babu mai sauraron da yake neman a yi masa bayani. Ƙungiyoyi suna haɗuwa ƙarƙashin inuwa ɗaya. Kunya tana rufe mutum, baƙin ciki yana lulluɓe gida, uba yana rufe ɗansa da faɗa. Daga aikatau ɗaya, wato rufe, muka fitar da abu mafi daraja da kuma abin ƙi: rufin asiri, wanda kowane magidanci yake roƙon Allah ya ba shi, da rufa-rufa, wadda ake zargin azzalumai da ita. Addini ma ya ƙarfafa wannan hanya. Duk wanda ya zauna tafsiri ya ji yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo wurin Nana Khadija bayan saukar wahayi na farko yana cewa a lulluɓe shi, ya kuma san surori biyu, Muzzammil da Muddassir, da suka buɗe da kiran mai lulluɓa. A Suratun Naba'i an kira dare sutura, a Baƙara kuma an kira ma'aurata suturar juna. Wannan ita ce rijiyar da za ki ɗebo ruwa a cikinta idan kina neman kalmar rufi mai nauyi.

Akwai wani tarko da ya shafe ki kai tsaye tun da rubutu kike yi don a karanta a iska. “Bargo” da “ɓargo” kalmomi ne biyu da ba su haɗa komai ba sai kamannin rubutu, na biyun shi ne kitsen da ke cikin ƙashi, kuma shi ne yake da adon magana mai ƙarfi a Hausa: so ya shiga ɓargo, tsoro ya ratsa shi har ɓargo. Wata rana ina duba aikin ɗalibai, wata ta kawo labarin da ta rubuta a wayarta ba tare da haruffa masu ƙugiya ba, a ciki akwai jimlar “sanyi ya ratsa shi har cikin bargo”. Na sa mutum biyu su karanta a fili. Na farko ya furta da “b”, sai muka ga mutum kwance da abin rufa marar kauri. Na biyu ya furta da “ɓ”, sai muka ga mutum tsaye a fili yana kyarma har ƙashi. Duka biyun Hausa ce lafiyayya, kuma marubuciyar na biyun take nufi. Mai karanta labarai ba shi da lokacin tsayawa ya yi tunani makirfo yana buɗe, saboda haka ki sa wa wayarki da kwamfutar ofis allon rubutun da ke da ɓ da ɗ da ƙ, ki kuma duba su kafin ki miƙa takarda.

Shawarwarin nan duka na ɗakin labarai ne da na magana ta yau da kullum, kuma kunnena na Hausar Kano da Zariya ne. Idan masu sauraronku sun fi yawa a Sakkwato ko Damagaram, ki gwada jimlar a bakin mutanen wurin kafin ki tsayar da ita. A takardar kotu, ko ta inshora, ko yarjejeniyar banki kuwa, kalmar tana da iyakar da lauyoyi suka shata mata, kuma a can ba na yarda a fassara ta da karin magana ko kaɗan. A rubuta dalla-dalla abin da sharaɗin ya ƙunsa da wanda ya shafa, ko da jimlar za ta yi tsawo, sannan lauya ya duba. Game da labaranki biyu, da ni ne da na rubuta na farko “an haramta shigo da kayan baki ɗaya, ba tare da togiya ba”, na biyu kuma “an yi kira da a yi wa dukkansu afuwa ta bai-ɗaya”. Ki kai wa editanku su cikin ladabi, ki ji abin da zai ce.